Wai da gaske akwai ƙaramar hukuma mai mutum 64 a Amurka?

Wani ɗan'uwa ya turo min hoton taswira ya ce malam wai gaskiya ne akwai ƙaramar hukuma a Amurka da mutanenta duka-duka 64 ne ko dai irin ƙaryar nan ce ta Facebook, in kuma gaskiya ne me ya hana a rushe ta a haɗe da maƙwabciyarta, su waye ke zaune a wajen, me suke ci, kuma wai da gaske ita ce ta ƙarshe da korona ta shiga. To ɗan'uwa ba ƙarya ba ce. Sunan wajen Loving, yana yammacin jihar Texas, kuma ƙidayar 2020 mutum 64 ta samu a cikinsa, babu inda ya kai shi ƙarancin jama'a a duk gundumomin Amurka. Ni labarin ƙasa nake koyarwa, ɓangaren ƙidayar jama'a, kuma duk shekara sai na kawo wa ɗalibaina wannan gundumar saboda tana ruguza musu wani zato da suke zuwa da shi, wai duk inda arziki yake nan mutane ke taruwa.

Bari na fara gyara maka abu ɗaya. Abin da Amurkawa ke kira kawunti ba daidai yake da ƙaramar hukumarmu sak ba, amma shi ne mafi kusa, ni dai gunduma zan riƙa cewa. Mu muna da 774 a Najeriya, su suna da sama da 3,100, Texas kaɗai tana da 254, ta fi kowace jiha. Kuma babu ruwansu da daidaita yawan jama'a, gundumar Los Angeles mutum miliyan 10 ne, Harris inda birnin Houston yake sama da miliyan 4 da rabi, ita kuma Loving 64, amma a doka duk sunansu gunduma. Wacce ke biye mata daga ƙasa ita ce Kalawao a Hawaii mai mutum 82, ita kuma tsohon wajen killace kutare ne, labarinta daban.

Faɗin Loving kusan murabba'in kilomita 1,750 ne, wato kusan rabin jihar Legas kenan. Ka raba wa mutum 64 ka gani, kowa zai tashi da kusan murabba'in kilomita 27 shi kaɗai. Daga arewa tana iyaka da jihar New Mexico, iyaka ce miƙaƙƙiya kamar an sa rula domin kuwa rular aka sa, layi na 32 ne na taswira. Gabas akwai gundumar Winkler, kudu maso gabas Ward, sai kogin Pecos da ya yanko ta a karkace daga yamma zuwa kudu ya raba ta da Reeves. Gari ɗaya tal ne a ciki, Mentone, shi ne hedikwata, kuma in ka gan shi ba za ka ce gari ba, ginin kotu ne da gidan waya da 'yan gidaje a bakin titi mai lamba 302.

Ƙasar kanta gefen hamadar Chihuahua ce, shimfiɗaɗɗiya, ga yashi ga tsakuwa ga fara-farar ƙasa mai tauri, itatuwan 'yan gajeru ne masu ƙaya, wanda ya fi yawa shi ne meskit, ɗan'uwan kiryarmu ne a dangi sai dai bai kai ta girma ba. Ruwan sama a shekara bai wuce milimita 250 ko kusa da haka ba, ka ga bai kai na Damagaram ba, ya dai fi na Agadas. Bazara zafi ne mai tsanani, hunturu kuma sanyi har ruwa ya daskare. To za ka ce ai ga kogi. Nan fa matsalar take, Pecos a wannan yankin ruwansa zartsi ne, yana bi ta kan duwatsun gishiri tun daga New Mexico ya kwaso, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa ma yawancinsa haka yake, ka haƙa rijiya ka samu ruwa amma ba ya shawuwa. Ka riƙe wannan, domin duk tarihin wajen a kansa ya rataya.

Kafin zuwan Turawa 'yan asalin ƙasar ne ke ratsa yankin, Jumano da Apache, daga baya Comanche masu dawaki suka fi ƙarfi, kuma su ma wucewa suke ba zama ba. Sifaniyawa sun bi gaɓar Pecos tun 1583 lokacin tafiyar Antonio de Espejo, ba su tsaya ba. Ƙasar ta fita daga hannun Sifen ta koma ta Meziko a 1821, Texas ta ɓalle a 1836, ta shiga Amurka a 1845, duk wannan canjin tuta ne a takarda, wajen yana nan ba kowa. A 1854 aka turo wani hafsan soja John Pope ya auna hanyar jirgin ƙasa, ya dawo a 1855 ya kafa sansani a bakin kogin kusa da iyakar New Mexico yana haƙa rijiyoyi masu zurfi wai ko ruwa mai daɗi zai ɓulɓulo da kansa, ya shafe kusan shekara uku yana abu ɗaya bai samu ba ya tattara ya tafi. Shi ne na farko a jerin waɗanda ruwan wajen ya kunyata, ba kuma shi ne na ƙarshe ba.

Sunan gundumar ba shi da alaƙa da soyayya kamar yadda masu jin Turanci ke zato, sunan mutum ne, Oliver Loving, fataken shanu. A 1866 shi da abokin kasuwancinsa Charles Goodnight suka koro shanu kusan 2,000 daga tsakiyar Texas suka bi gaɓar Pecos zuwa Fort Sumner a New Mexico, inda gwamnati ta tsare dubban 'yan ƙabilar Navajo tana neman naman da za ta ciyar da su. Wannan burtalin har yau da sunan su biyun ake kiransa. Shekara ta zagayo, 1867, Loving ya wuce gaban garke shi da mutum ɗaya don ya riga kowa zuwa wajen ciniki, Comanche suka rutsa su a bakin kogin suka harbe shi a hannu da kwiɓi, ya tsira ya kai Fort Sumner amma ciwon ya ruɓe, aka yanke hannun an makara, ya rasu a watan Satumba. Goodnight ya cika masa alƙawari ya mayar da gawarsa Weatherford a Texas, tafiyar ɗaruruwan kilomita a amalanke. Mutumin bai taɓa zama a wajen da aka sa wa sunansa ba, wucewa ya yi kamar kowa.

Yanzu ga inda amsar tambayarka ta fara. A 1887 majalisar Texas ta ɗauki wata ƙatuwar gunduma mai suna Tom Green ta yayyanka yammacinta, aka fitar da Loving da Winkler da Ward da Crane da Ector da wasu. Ka lura fa, ba wai jama'a ne suka yi yawa suka nemi a ba su tasu ba irin yadda muka saba gani nan ana kai ƙorafi da wakilai, a'a, zana layukan aka yi a taswira tukuna ana jiran mutane su zo su cika. Wasu sun cika, Ector yanzu birnin Odessa ne a cikinta. Loving kuwa ƙidayar 1890 mutum 3 ta samu. Uku.

Amma a 1893 sai ga wasu mutum shida daga Denver sun sauka, suka kafa kamfanin da suka ce zai ja ruwan Pecos ya yi noman rani, suka kafa gari suka sa masa Mentone, sannan suka kai takarda mai ɗauke da sa hannun mutum 150 wai masu zaɓe ne mazauna wajen suna neman a kafa musu hukumar gunduma. Daga 3 zuwa 150 a shekara uku, a wajen da ko ruwan sha babu, amma aka amince. Aka yi zaɓe, su da mutanensu suka kwashe kujerun, suka fara sa haraji a kan filayen mutanen da ke zaune a wasu garuruwa masu nisa, suka ciwo bashi da sunan gina kotu. Ambaliya ta zo ta share ɗan aikin ruwan da aka fara. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, masu filaye suka turo a bincika musu a 1894, waɗanda aka turo suka iske 'yan tsirarun mutane a garin, takardun haraji kuma an ce magatakarda ya tafi da su Denver. Kafin a ankara jami'an duk sun cika wandonsu da iska. A 1897 majalisa ta rushe hukumar ta jingina ƙasar da Reeves. Kenan abin da kake tambaya me ya sa ba a yi ba, an taɓa yi, kuma ta zauna shekara 34 ba ta da hukumar kanta.

Duk wanda ya ce maka aringizon ƙuri'a da ma'aikatan bogi a wajenmu aka ƙirƙiro su, ka ba shi wannan labarin.

An sake gwada noman. Bayan 1900 wasu suka zo suka kafa wani ƙauye Porterville, suka haƙa magudanai, har ƙidayar 1910 ta nuna mutum 249 daga 33 da aka samu a 1900. Sai fari ya biyo baya, manoman da ke sama da su a New Mexico kuma suna tare ruwan kafin ya iso, wanda ya iso ɗin ga gishiri yana kashe gona, zuwa 1920 an koma 82. Shanu ne kawai suka jure, su ma sai a fili mai faɗin gaske domin ciyawar da za ta riƙe saniya ɗaya a can sai an haɗa eka da dama, shi ya sa gidan kiwo ɗaya kan mallaki dubban eka kuma mutum biyar ko shida sun ishe shi aiki. Kiwo irin wannan ba ya tara jama'a.

Mai ne ya dawo da ita. An fara samunsa a 1921, a 1925 aka buɗe filin mai na Wheat, ma'aikata suka kwararo, wani sabon gari mai suna Ramsey ya tashi kusa da rijiyoyin. A 1931 aka sake kafa hukumar gundumar, aka canja wa Ramsey suna zuwa Mentone don tunawa da tsohon garin da ya mutu, shi kuma asalin sunan daga garin Menton ne na Faransa da ke bakin teku, wanda wallahi in ka kwatanta wuraren biyu sai ka yi dariya. An kiyasta jama'a sun kai kusan 600 a 1933, ganiyarta kenan, a 1935 aka gina kotun da ake amfani da ita har yau. A 1936 kuma aka gama dam ɗin Red Bluff a kan kogin, tafkinsa ya shanye tsohuwar mashigar kogin da ake kira da sunan Pope ɗin nan. Daga nan fa sai gangara, 285 a 1940, 227 a 1950, 226 a 1960, 164 a 1970. A 1972 aka rufe makarantar Mentone saboda ƙarancin yara, aka haɗe ta da ta garin Wink a Winkler, kuma ni a ganina nan ne aka yanke wa wajen hukunci, domin duk garin da ba makaranta mai ƙananan yara ba zai zauna ba. 1980 mutum 91, 1990 ta ɗan farfaɗo zuwa 107, 2000 ta faɗo 67, 2010 ta koma 82, sai 64 ɗin nan naka.

Wani abin sha'awa a tsakiyar wannan, a 1945 aka naɗa wata mata Edna Reed a matsayin sherif, ba sharifi ba fa, shugaban 'yan sandan gunduma kenan wanda jama'a ke zaɓa, daga baya ta tsaya ta ci zaɓe, ana lissafa ta a mace ta farko da aka zaɓa a wannan kujera a Texas.

To me ya sa yanzu ba a rushe ta? Kuɗi. A nan ne tsarinsu ya sha bamban da namu kwata-kwata. Mu a Najeriya duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, ƙaramar hukuma kuma sai ta jira kasonta daga Abuja duk wata, kason ma yawan jama'a na cikin abin da ake duba wajen raba shi, shi ya sa ƙidaya take zama rigima a wajenmu. A Texas mutum na iya mallakar man da ke ƙarƙashin filinsa, ya ba kamfani haya yana karɓar kasonsa, ita kuma gunduma da harajin kadara take rayuwa, rijiyar mai da bututu da tankuna duk kadara ne ana yi musu ƙima ana biya. Loving kuma tana zaune ne a tsakiyar kwarin Delaware, ɓangare mafi albarka na yankin mai na Permian, wanda shi ne kan gaba a duk Amurka. Tun wajen 2010 da aka ƙware a haƙa rijiya ta nutsa ƙasa sannan ta kwanta ta miƙe kilomita biyu uku, a tura ruwa da yashi da ƙarfin tsiya a farfasa dutse mai ya fito, gundumar nan ta shiga sahun waɗanda suka fi fitar da mai a Texas. Ba ta roƙon kowa komai, kuma masu filayen ba za su so a haɗe su da wata gunduma a kwashi harajinsu a kai wani gari ba. Jihar ma ba ta da wani dalilin tayar da zaune tsaye.

Sai dai ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Shekara da shekaru mutanen Mentone a tanka ake kawo musu ruwan sha daga wata gundumar, ba asibiti, ba banki, cefanen kirki sai an je garin Pecos kusan kilomita 40 ko Kermit. Kuma ruwan da suka rasa na sha yanzu ya dawo musu ta wata fuskar, kowace gangar mai tana fitowa da gangunan ruwan gishiri da dama, kamfanoni na mayar da shi can ƙarƙashin ƙasa, abin da masana suka danganta da girgizar ƙasar da yankin ya fara yi, ta watan Nuwamban 2022 da aka yi yamma da Mentone ta kai maki 5.4.

Yanzu bari na yi maka maganar sana'ata, domin lambar 64 ɗin nan tana ruɗin mutane. Ƙidayar Amurka tana ƙirga mutum ne a inda ya saba kwana, a ranar 1 ga Afrilu. Da rana tsaka in ka tsaya a titin 302 tirela ce ke bin tirela, ma'aikatan mai dubbai ne ke shigowa, wasu ma suna kwana a sansanonin kamfani sati biyu su koma gida, amma gidan nasu yana Odessa ko Midland ko Carlsbad ko ma wata jihar, can ake ƙirga su. Kenan ba wai wajen shiru yake kamar maƙabarta ba, cike yake da hayaniya, mazauna na dindindin ne babu. Su kuma mazaunan akasari fararen fata ne da 'yan kaɗan masu asalin Meziko, manya sun fi yara yawa nesa ba kusa ba, kuma da yawansu iyalai ne 'yan ƙalilan da suka daɗe a wajen.

Abu na biyu, ka yi hattara da lissafin kashi cikin ɗari a waje irin wannan. Za ka ga an rubuta jama'ar Loving sun ragu da kashi 22 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, ka ɗauka wata annoba ce ta faɗa musu, alhali mutum 18 ne, gida huɗu ko biyar suka tashi shi kenan. Haka in an raba kuɗin man da ake haƙowa da yawan mutane sai ka ga wata lambar hauka kamar kowa biloniya ne, alhali mafi yawan kuɗin na kamfanoni ne da masu haƙƙin filaye da ke zaune a Houston da Dallas. Ɗalibaina kullum sai sun faɗa wannan ramin a jarrabawa.

Siyasar wajen kuwa ita ce ta fi komai ban dariya da ban tsoro a lokaci guda. Dokar Texas ba ta ce don kun yi kaɗan a rage muku kujeru ba, dole a samu alƙalin gunduma wanda shi ne kamar ciyaman, da kwamishinoni 4 kamar kansiloli, da sherif, da magatakarda, da ma'aji, da ƙaramin alƙali, ga kuma ma'aikata. Ka lissafa ka ga kashi nawa na manyan garin ke cin albashin hukuma. Ƙuri'a biyu uku na iya kayar da mutum, kuma kujerar tana riƙe da kasafin miliyoyin daloli, don haka maganar waye ɗan gari waye baƙo ba wasa ba ce. Masu rajistar zaɓe sun daɗe suna fin mazauna yawa, saboda 'ya'yan gida da suka koma birni suna riƙe da tsohon ɗaki ko akwalar tirela su ce nan ne gida kuma suna da niyyar dawowa, ranar zaɓe su zo su dangwala wa kawunsu. A zaɓen shugaban ƙasa na 2020 ƙuri'a 66 aka jefa a gundumar mai mutum 64 har da yara, Trump ya samu 60, Biden 4. A 1992 kuwa ɗan takara mai zaman kansa Ross Perot ne ya zo na ɗaya a wajen.

Wannan ƙarancin ya sa wasu na waje suka taɓa kwaɗayin wajen. A wajen 2005 zuwa 2006 wasu masu aƙidar kada gwamnati ta sa wa kowa ido suka shirya sayen filaye su kwaso mutanensu su rinjayi zaɓe su karɓe gundumar baki ɗaya, sherif na lokacin ya taka musu birki aka shigar da ƙara a kansu, shirin ya watse. In ka duba da kyau irin dabarar mutanen Denver ce ta 1893 ta dawo da sabuwar riga. A 2022 kuma aka kama alƙalin gundumar da kansa bisa zargin tattara shanun da suka ɓace yana sayarwa, maganar da ta ƙara tona rigimar da ke tsakanin iyalan wajen.

Ka kuma tambayi korona a ƙarshen saƙonka. Eh, Loving ce gunduma ta ƙarshe a jihohi 48 da ke haɗe da juna da aka rubuta mata mai cutar, sai a watan Nuwamban 2020. Amma shi ma wannan dokar ƙirga ce ta taimaka mata, ma'aikacin mai da ya kamu a sansani a gundumarsu ta asali ake rubuta shi, kuma wajen gwajin ma sai an fita Loving ɗin kafin a same shi.